Na Ga Jirgin Ƙasa Yana Gudu a Yelwa

Jama'a, ku tsaya ku ji, kada wani ya ce zazzaɓi ne ke sa ni sambatu: da idona na ga jirgin ƙasa yana gudu a Yelwan Yauri! Da kansa, da taragunsa, yana shan kwana, yana ƙugi, yana ja da baya in an ce ya ja. Na san abin da za ku ce. Za ku ce tun da Turawa suka shimfiɗa dogo a ƙasar nan ko taku ɗaya bai shigo ƙasar Yauri ba, kuma gaskiyarku. Dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, wanda ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, na Borno ya shiga Maiduguri a 1964, mu kuwa na bakin kogin Kwara aka bar mu da kwale-kwale da mota. Har gobe mutumin Yauri in yana son ya ga dogo sai ya bi ta Kontagora da Tegina ya sauka Zungeru. Duk na yarda. Amma jirgin da nake ba ku labari tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba.

Biki ne ya kai ni Wara, hedikwatar Ngaski, a tsakiyar damina, sai wani ruwan dare ya huda rufin ɗakin gwaggona. Da safe aka ce samari su fito da kaya a shanya. Can ƙarƙashin gado suka jawo wata adakar ƙarfe ta marigayi mijinta, kwaɗon jikinta ya ci tsatsa har sai da aka sa guduma. Farar rigar kuku ce a sama, ta koma ruwan ƙasa. Sai takardun da gara ta yi wa kaca-kaca. Sai wani kwali can ƙasa, an naɗe abin da ke cikinsa da jaridar da babu wanda ya iya karanta ko layi ɗaya a cikinmu, don ba Ingilishi ba ne. Na warware ƙunshin farko, wani abu mai nauyi ya faɗo mini a hannu: kore, da bututun hayaƙi, da ɗakin direba, da ƙafafu huɗu da sandunan da ke haɗa su. Kan jirgin ƙasa! Na warware na biyu, wani kan jirgin ne, ƙarami, baƙi, ba nauyi. Sai taragu, sai guntayen dogo, miƙaƙƙu da lanƙwasassu, manya da ƙanana, suna ta fitowa ba su ƙarewa. Hannuna har rawa yake yi.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tankaɗen da take yi. "Kayan wasan 'ya'yan Nasara ne. Malam ya zo da su shekarar da aka gama dam, ya hana kowa taɓawa har Allah ya karɓi abinsa. In kana so ɗauka, ɗan nan, ka rage mini tarkace."

Tarkace fa ta ce!

Wanda bai san tarihin tafkin Kainji ba zai yi mamakin abin da ya kawo kayan wasan Turai ƙarƙashin gadon tsohuwa a Ngaski. A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da rancen Bankin Duniya. Impregilo na Italiya ne ya yi ginin, gamayyar kamfanoni uku, Impresit da Girola da Lodigiani, su ne kuma suka gina ta Akosombo a Ghana. Injiniyoyin da ke duba aikin na Balfour Beatty ne daga Ingila da Nedeco daga Holan. An kammala a 1968, Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya haɗiye tsibirai da gonakin albasar Gungawa, aka tashi mutane sama da 40,000 aka kai su sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti. Turawan aikin kuwa shekaru suka share a wurin, sun ɗauki kuku da boyi da direba da mai gadi daga garuruwan bakin kogi. Marigayin yana cikinsu. In ji Gwaggo, wani Baturen Ingila ya fara yi wa girki, daga baya ya koma gidan wani ɗan Italiya. Da tafiya ta zo, abin da ya yi wa akwati nauyi aka bar wa ma'aikata. Wani ya samu kujera, wani tukwane. Shi Allah ya ba shi jirgin ƙasa har biyu.

Koren yana ɗauke da sunan Hornby da na kamfanin Meccano na Liverpool. Frank Hornby akawu ne a wajen wani mai shigo da nama, shi ya ƙirƙiri guntayen ƙarfen nan masu huji da yara ke ɗaurewa da noti su gina abin da ransu ke so, ya yi musu rajista a 1901. A 1920 ya fara fitar da jiragen ƙasa na wasa masu makulli, a murɗa su tashi. Kafin nan Jamusawa ne sarakan sana'ar, domin kamfanin Märklin ne ya fara tsayar da ma'aunin faɗin dogon wasa a bajekolin Leipzig na 1891, don wanda ya sayi jirgi bana ya iya ƙara masa tarago da dogo baɗi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa mutanen Ingila suka juya wa kayan Jamus baya, Hornby ya samu ƙofa ya shige. Faɗin dogon koren milimita 32 ne, jikinsa farantin ƙarfe. Baƙin kuwa na kamfanin Lima ne na garin Vicenza a Italiya, jikin roba, da lantarki yake tafiya, bolt 12, daidai da batirin babur. Faɗin dogonsa milimita 16.5, wato an ɗauki jirgin gaske an rage shi sau 87. Na ciro waya na buga lissafi a nan tsakar gidan Gwaggo: 16.5 sau 87, sai ga 1,435. Faɗin sabon dogon Abuja zuwa Kaduna ke nan da aka buɗe a 2016! Tsohon dogonmu na zamanin Turawa 1,067 ne. Wani abin dariya kuma, a 2004 kamfanin Hornby ya saye Lima, alhali su biyun sun daɗe da zama 'yan ɗaki ɗaya a cikin adakar kuku a Wara.

Sai dai babu mai motsi a cikinsu. Ƙafafun koren sun ƙame ƙam, makullinsa ma babu. Baƙin kuwa in ka girgiza shi sai ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki.

Da aka watse daga biki sai Yelwa. Wanda na fara nuna wa wani bakaniken babura ne, abokin ƙanena, yaro mai hannu, ba na raina shi. Ya jujjuya koren, ya tura ƙafafun da babban yatsa, suka ƙi. "Wannan ai mai sauƙi ne, Yaya. A jiƙa shi a fetur ya kwana, a bi tsatsar da sanfefa, a ɗura masa baƙin mai, in kai wa mai fenti ya fesa masa sabon kore. Gobe war haka ba za ka gane shi ba." Har ya miƙa hannu ga galan, sai wata murya ta tsage daga rumfar gefe.

"Kai, yaro! Ajiye! Ajiye, na ce!"

Wani dattijo ne mai gyaran agogo, farin gemu, akwatin gilashi a gabansa cike da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba tun da waya ta kashe masa kasuwa. Ya karɓi jirgin da hannu biyu. Ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya leƙa ta ƙasa, ya daɗe yana leƙe, ya kai hanci ya sansana.

"Baba, kun san irinsa ne?"

"Ban taɓa ganinsa ba, ɗana. Amma na san cikinsa. Agogo ne aka sa wa ƙafa."

Ya jawo wani gwangwani cike da makullan agogon bango, ya gwada wannan, ya gwada wancan, har ɗaya ya zauna daram a kan sandar mai kusurwa huɗu da ke gefen jirgin. Na ce to, a murɗa mana! Ya harare ni ta saman gilashi. Ba a murɗa abin da ya shekara hamsin a kwance, in ji shi, sai an ga cikinsa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, ya kwance notina, ya ɗaga 'yan kunnuwan ƙarfen da ke riƙe da gangar jikin a hankali, yana gaya mini cewa kowane kunne lanƙwasa kaɗan yake jurewa kafin ya karye, don haka ba a buɗe irin wannan don kallo kawai. Injin ya fito. Kai, jama'a! Faranti biyu na ƙarfe, a tsakaninsu sifirin naɗaɗɗe mai faɗin yatsa, da giyoyi masu haƙora, babba yana tura ƙarami, ƙarami yana tura wanda ya fi shi ƙanƙanta, duk sun dulmuye cikin wani baƙin danƙo. Wannan danƙon, in ji Baba, shi ne man da aka zuba masa tun zamanin Turawa. Mai ba ya zama mai har abada, yana bushewa, yana shan ƙura, ya koma gam. Mutane sukan kawo masa agogo su ce an murɗa shi ya wuce kima shi ya sa ya tsaya, alhali tsohon mai ne ya manne naɗin sifirin da juna.

Abin da ya fara yi shi ne sauke ragowar ƙarfin da ke cikin sifirin. Ya riƙe makulli gam, ya ɗaga ɗan harshen da ke hana shi komawa, ya bar shi yana warwarewa kaɗan-kaɗan a cikin hannunsa. Ya nuna mini wani tsohon tabo a yatsarsa ya ce sifirin da aka saki gaba ɗaya ne ya yi masa shi, tun yana yaron shago. Sannan ya tsoma injin, injin kawai ban da gangar jiki, a cikin kananzir, ya bi haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin goge baki. Kananzir ya yi baƙi, ya zubar, ya sake. Ya feƙe tsinken tsintsiya ya riƙa murza shi a cikin kowane ramin da sandar giya ke juyawa, ya ciro, ya feƙe, ya mayar, har tsinken ya fito fari. Ni da nake tsaye ƙafata ta yi tsami, shi ko gezau.

Sai ga ainihin ciwon ya bayyana: bakin sifirin na waje ya yage daga inda aka maƙale shi. Zuciyata ta faɗi. Ina za a samu sifirin Liverpool a Yelwa? Baba ya kunna 'yar fitila, ya kara ƙarshen sifirin a harshen wuta, gaɓar yatsa ɗaya kacal, har ya yi ja, ya janye ya bar shi ya huce don kansa, ba ruwa ba fifita. Ƙarfen sifirin mai tauri ne, in ka ce za ka huda shi haka nan tsagewa zai yi, amma wurin da aka gasa aka bari ya huce a hankali yakan yi laushi. Ya datse yagaggen, ya huda sabon rami da ƙusa, ya goge bakinsa da zarto, ya maƙala. An rage wa jirgin ɗan tsawon gudu, amma an dawo masa da rai.

Sai batun mai, kuma nan ne na sha karatu. Ya ɗauko kwalbar man keken ɗinki, ya ɗiga ɗigo guda a murfi, ya tsoma tsinin allura, ya taɓa bakin rami ɗaya. Ya sake tsomawa, ya taɓa na gaba. Shi ke nan! Sifirin ya shafa masa da ƙyalle mai ɗan maiƙo. Akwai wani ɗan abu can ƙarshen jerin giyoyin mai juyawa da tsananin sauri, wanda in gudu ya yi yawa yake buɗewa ya gogi abin da ke kewaye da shi ya rage gudun. Inda yake gogar nan Baba ya hana mai zuwa sam, ya ce in ya samu santsi jirgin zai zabura ya yi tsalle daga dogo a kwanar farko. Bakaniken nan da bai tafi ba ya ce, "Baba, wannan ɗan man zai ishe shi?"

"In ka ga mai da idonka, ya yi yawa. Jira hunturu ya zo. Ƙurar da za ta sauka a kan man da ka malala, ita za ta cinye maka haƙoran giya."

Gaskiya ce da duk mai keken ɗinki ya sani, amma mukan manta. Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, in ta haɗu da mai sai ta zama abin wasa ƙarfe, tana ci ana murna wai inji na sheƙi. Man gyaɗa da manja kuwa sun fi muni, don su da kansu suke daskarewa. Ni dai a ganina mun ɗauki kulawa a matsayin ƙari: ƙara mai, ƙara fenti, ƙara ɗauri. Duk aikin da na ga Baba ya yi ranar nan cirewa ne, ɗigon da ya ƙara bai cika cokalin shayi ba, bai ma kusa ba. Gangar jikin ma haka ya bi da ita. Auduga a bakin tsinke, ruwan sabulu kaɗan, ya goge wuri ɗan ƙarami, ya tsane nan take da busasshen ƙyalle kafin ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashin fenti. Sandunan ƙafafu ya murje su da takardar nan mai ƙyalli ta kwalin sigari da ɗan mai, tsatsa ta fita ba tare da ƙarzuwa ba. Inda fenti ya ɓare ya bar shi a ɓare. Na yi masa maganar sabon kore, ya girgiza kai. Kuma masu tara irin waɗannan kaya a Ingila da Jamus suna bayansa: jirgin da ke da fentinsa na asali, ko da tabo, ya fi wanda aka sake wa fenti daraja a wajen gwanjo.

Da na miƙa masa baƙin, ya juya shi sau ɗaya ya mayar mini. "Wannan na 'yan zamani ne. Kai wa yaron can mai naɗin koyil."

Yaron can saurayi ne mai gyaran fanka da janareta, rumfarsa cike da wayar jan ƙarfe. Da na gaya masa shawarar fetur sai da ya dafe kai. Roba irin wannan, in ji shi, fetur cin ta yake yi, ta yi fari, ta yi laushi, ta tsattsage, baƙin mai ma a hankali yake ruɓar da ita. Ya kwance jikin, abin da ke kaɗawa ashe ɗan ƙarfen nauyi ne ya kwance daga mazauninsa. Ga motar nan, ba ta fi kwabo faɗi ba: maganaɗisu a kewaye, koyil uku a tsakiya, da ɗan faifan jan ƙarfe da aka raba uku, inda gawayi biyu ƙanana ke gogawa su ba koyil wuta, irin waɗanda suke kira buroshi a janareta. Kowane gawayi da sifirinsa, siriri, in ya yi tsalle ya faɗa ƙasar kasuwa sai dai a yi masa addu'a. Shi ya sa ya sa hannuwansa da motar duka a cikin farar leda kafin ya cire su. Dabara!

Ya aiki yaro kemis ya sayo sipirit. Da shi ya wanke faifan har ja ya fito, sannan ya bi tsagogin nan uku da tsinken sakace. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin, garin gawayi da tsohon mai. Wannan dattin yana ɗaukar wuta, in ya cike tsaga sai ya haɗe ɓangarorin da aka raba, mota ta yi zafi, ta yi hayaƙi, koyil ya ƙone. Gawayin ɗaya ya cinye saura ƙiris, sai ya yanko guntu daga tsohon buroshin janareta ya yi ta gogawa har ya yi daidai ramin. Nan ma mai a tsinin allura, a bakin sanda kawai, ko kusa da faifan bai kai shi ba.

Sannan ya koma kan ƙafafu da dogo, ya ce rabin ciwon irin wannan jirgi a nan yake. Ba shi da batir a ciki, ba shi da waya a bayansa. Wuta ta dogo ɗaya take shigowa, ta hau ƙafa, ta shiga mota, ta fita ta ɗaya ƙafar zuwa ɗaya dogon. Ko'ina datti ya tsaya a wannan hanya, jirgi ya tsaya. Ya goge ƙafafun da sipirit, dogon kuma da kilinar nan mai tauri ta goge biro. Sanfefa ya ce a'a, tana barin ƙananan kwari a kan ƙarfe, nan datti da tsatsa za su tare gobe. Ya matse mahaɗan dogon da filaya ɗaya-ɗaya.

Wuta fa? Ranar nan babu ita a layin gaba ɗaya. Ku duba wannan lamari: jirgin ɗan wanda ya gina dam, a garin da ke bakin tafkin dam, yana jiran wuta! Saurayin ya yi dariya ya ce ko da akwai ba zai kusanci soket da shi ba, wutar gida ta haura bolt 200, nan take za ta toya shi. Bakaniken nan, Allah ya saka masa, ya ciro batirin babur. Saurayin ya ratsa ƙwan fitilar babur a tsakanin batir da dogo, don ya rage ƙarfin, in kuma wani abu ya haɗe wayoyi ƙwan ya haska maimakon koyil ya ƙone.

Na ce a shimfiɗa tabarma. Baba, da ya rufe akwatinsa ya biyo mu, ya ce tabarma da yashi da zare abokan gaban giya ne. Aka ari teburin mai shayi, aka goge, aka haɗa da'ira biyu, babba a waje, ƙarama a ciki. Baba ya murɗa makulli, ƙar, ƙar, ƙar, yana ƙirgawa da leɓe, ya tsaya tun kafin ya ƙure. Ya ɗora koren, ya maƙala taragu, ya ja ɗan ƙarfen birki da ke ɗakin direba.

Ya tashi! Wallahi ya tashi! Sandunan ƙafafu suna kai da komo, taragu suna kwaram-kwaram a kan mahaɗa, ya sha kwana, ya dawo, ya sake. Saurayin ya taɓa waya a batir, baƙin ya yi ɗan tari, ya yi tartsatsi shuɗi, ya ja jiki, ya zabura! Ya juya wayoyin, jirgi ya koma da baya. Ihu! Tun bikin Rigata ban ji bakin kogi ya ɗauki sowa irin wannan ba. Mai albasa ya sauke buhunsa ya tsuguna, mai tallan kifin warangi ta manta da tirenta, yaran nan da ke ƙera motar kara da kwale-kwalen gwangwani suka yi zobe, kawunansu har suna gwaruwa. Ɗaya ya ja mini riga: "Kawu, ina direban yake?" Wani matuƙin jirgin ruwa daga Shanga, mutumin da ya san injin Yamaha ciki da bai, ya daɗe yana kallo sannan ya yi tambayar da ta fi ta kowa: yaya yake shan kwana ba sitiyari, ba mai riƙe da akala? Baba ya tsayar da jirgin ya nuna masa ɗan leɓen da ke cikin kowace ƙafa, wanda ke riƙe ta a tsakanin dogo biyu. Dogo ne ke tuƙi. Na gaske ma haka yake, da ƙarin cewa ƙafarsa ta fi kauri ta ciki, don haka a kwana ita da kanta take gyara zama. Mutumin ya ce, "Ikon Allah," ya nemi a sake.

A tashar jirgin ƙasa ta Minna akwai wani tsohon kan jirgi a ajiye, na ɗan siririn dogon da aka fara shimfiɗawa a 1901 don haɗa Zungeru, hedikwatar Lugard, da bakin kogin Kaduna. Shi ne na farko a Arewa. Mutane nawa ne daga Kebbi suka taɓa zuwa ganinsa? Shi a tsaye yake, ba ya motsi. Wannan na teburin mai shayi kuwa, a cikin 'yan mintoci ya koya wa yara giya da sifirin da maganaɗisu da hanyar wuta, abin da malamin kimiyya zai yi zango guda yana zanawa a allo. Da ni ne shugaban wata sakandare a Yauri, da na aiko an ɗauki Baba da saurayin nan da teburinsu.

Muna tsaka da murna Baba ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya ɗauki koren, ya miƙo mini gilashinsa, ya nuna ƙafar baya ta hagu. Da ido ba ka ganin komai. Ta gilashi kuwa, ga tsagogi sirara sun bazu a jikinta, ta ɗan kumbura har ta fi 'yan'uwanta. Ƙafafun ba farantin ƙarfe ba ne, zubi ne na tutiya da aka gauraya da wasu ƙarafa. In dalma ta shiga cikin zubin tun a masana'anta, ko da kaɗan ce, sai ƙarfen ya riƙa ruɓewa daga ciki shekara da shekaru, yana kumbura yana tsagewa har ya marmashe, laima kuma tana ƙara masa sauri. Ciwon ya fi kama kayan da aka zuba kafin Yaƙin Duniya na Biyu da 'yan shekarun bayansa, wato koren ya girmi dam ɗin kansa. Damina hamsin da ɗoriya a bakin tafki ba ta yi masa daɗi ba. Mai ba ya maganinsa, gam ba ya tsayar da shi.

Baba ya kafa mini sharuɗɗa, yana lissafawa da yatsu. Kada a ajiye shi da sifirin a murɗe, a bar shi ya ƙare gudunsa. Kada a ƙulle shi a leda, gumi zai yi. A naɗe shi a tsohon farin ƙyalle, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi, a ɗora a sama, nesa da ƙasa da bango. A fito da shi lokaci-lokaci ya ɗan zagaya don mai ya bi jikinsa. Ƙafar kuwa sai an zuba sabuwa.

Muka ɗunguma wajen wani maƙerin farfaru mai zuba zobba da awarwaro. Ya duba, ya ce zai iya da tagulla, amma sai an bar masa lafiyayyar ƙafa ɗaya ya danna a yumɓu ya fitar da siffarta. Baba ya ce ƙafar nan ba za ta kwana a wajen rumfarsa ba. Maƙeri ya ce shi ma wutarsa ba ta zuwa gidan kowa. Baba ya ce ai tagulla tana tsukewa in ta huce, in aka bi siffar yadda take sabuwar za ta fito ƙarama, jirgi ya riƙa ɗingishi. Maƙeri ya ce tun kafin a haifi agogo kakanninsa suke zubi, ba sai an koya masa ba. Aka yi ta ja, mutane suka taru, mai shayi ya shiga tsakani. Daga ƙarshe aka daidaita: ran kasuwa maƙeri zai zo da yumɓunsa rumfar Baba ya ɗauki siffa a gabansa, ya zuba ta da ɗan ƙari, Baba ya bi ta da zarto har ta yi daidai. Da aka zo maganar kuɗin tagulla da ladan aiki kuwa, duka biyun suka juyo suka dube ni.